Hannun Goggo Rabi a Jikin Fasta

A gidanmu idan aka so ja wa yaro kunne a kan taurin kai, da ni ake misali. Ku ƙannena kun sha ji: wai Kulu, wadda ba ta iya ɗaga kai ta dubi baƙo, ita ce ta saɓa wa malaminta har aka cire ta daga tafiya Katsina. Rannan ma na ji ɗayarku tana ba ƙawarta labarin a zaure, ta ƙara masa gishiri, wai har kwamfutar makaranta na lalata. Ban lalata kwamfuta ba. Tunda a gidan nan ba a barina in kai ƙarshen magana da baki, zan rubuta, ku karanta lokacin da kuka ga dama. Maganar duka a kan hannun Goggo Rabi take, da wani suna da ya kusa manne mata a tasha har ƙarshen ranta.

Ina aji biyu na babbar sakandare. Damina ce, ana ta jin labarin amai da gudawa a ƙauyuka. Malam Sanusi, mai koya mana kwamfuta, ya shigo ya ce an nemi kowace makaranta ta yi fasta ta wayar da kai a kan wanke hannu. Za a liƙa a inda jama'a ke taruwa, sannan a kai guda ɗaya Katsina a baje, ɗalibar da ta yi ta tsaya kusa da ita tana bayani. Ni sau ɗaya na taɓa zuwa Katsina, shi ma asibiti. Ban ɗaga hannu ba. Amma ni ce ke share ɗakin kwamfuta, mabuɗin yana wurina, kuma Malam ya sha samuna bayan shara ina wasa da manhajar gyara hoto, ina cire kan akuya daga hoto ina mayarwa. Sai kawai ya ce Kulu za ta yi, aji ya juyo yana kallona, ni kuma ina kallon takalmina.

Kada ku ɗauka Malam Sanusi mugu ne. Abin da na sani na tsara shafi daga wurinsa na koya. Shi ya nuna mini cewa kowane abu a shafin yana kan nasa faifan, hoto daban, rubutu daban, bango daban, ana iya ɗaga ɗaya ba tare da an taɓa sauran ba. Shi ya ce fasta magana ɗaya take yi, idan ta yi biyu ba wadda za a ji. Babban rubutu a sama, ƙarami a ƙasa, gefen layukan ya daidaita kamar an ja zare, a bar fili fari ido ya huta. Salon haruffa kada ya wuce biyu. Akwai kuma wadda ya fi so, yakan faɗe ta yana buga tebur da biro: mutumin da ke cikin hoto ya dubi cikin shafi, wajen rubutu, domin inda ya duba nan mai kallo zai duba. Idan ya dubi waje, ya fitar da idon mutane daga fasta.

Wurin da aka ba makarantarmu shi ne bangon tashar bakin boda, inda motocin Maraɗi ke sauke mutane. Na san wurin kamar tsakar gidanmu, saboda ranar Asabar ina taya Goggo Rabi wanke kwanuka a can. Ƙanwar Baba ce, ta yi aure Maraɗi, bayan mijinta ya rasu ta dawo ta kafa rumfar shinkafa da wake. Na san yawancin masu zama a bencinta, direbobi da 'yan dako da mata masu ƙullin kaya, ba sa karanta boko, wanda ya iya ma ba ya da lokacin tsayawa. Hoto za su karanta. Shi ya sa na ce ba zan ɗauko hannun wani Bature daga intanet ba, hannun da suka sani zan sa. Goggo tana da buta a bakin rumfa da sabulu a cikin ragar buhu, ta ɗaure shi da igiya a jikin turke don kada ya bi wani a aljihu, kuma ba ta zuba wa kowa abinci sai ya wanke.

Na ari wayar Malam na je.

“Mi za a yi da hotona?” in ji Goggo.

“A bango za a liƙa, Goggo.”

“Ni ɓarauniya ce da za a liƙa ni a bango?”

“Don tsabtarki ne. A ga yadda kike yi.”

Ta ci gaba da juya miya. Can ta ce, “To dakata in sake kallabi. Kuma ki hidda tukunyar nan mai baƙin gindi daga ciki.”

Hoton ya fito yadda nake so. Goggo tana tsaye tana miƙa kwano da hannun dama, fuskarta ta juya wajen damar hoton, buta da ragar sabulu suna gabanta. Na sa ta a gefen hagu na shafin, sai ya zama tana miƙa wa rubutun kwanon. Rubutun layi ɗaya ne, manyan haruffa: Wanke hannu da sabulu kafin ka ci. Na cire rumfunan da ke bayanta na sa launin ruwan ƙwai mai sauƙi, na ƙara wa fuskarta haske kaɗan, na bar fili. Malam ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Kulu, wannan ta yi.” Da a nan aka tsaya, da yau ba ni da labari.

Ba a tsaya ba. Aka kai wa Hajiya, shugabar makaranta, ta gani a kan allon kwamfuta. Ta ce ta yi kyau, amma ina tambarin makaranta? Aka sa tambari. Ta ce sunan makaranta ya fito sosai, a sama, a hannun hagu inda ido ke fara sauka, sunanta kuma a ƙarƙashinsa. Aka sa. Shugaban direbobin tasha, wanda sai da izininsa za a taɓa bangon, ya aiko cewa yana son sunansa da hotonsa. Malam ya yi ta zarya har mutumin ya yarda da suna kaɗai, amma da sharaɗin kada ya fi na Hajiya ƙanƙanta. Wata malama ta leƙo ta ce ai mutanen Nijar za su gani, a ƙara layin Faransanci. Mataimakin shugaba ya ce farin filin nan asarar takarda ne. Kowa ya shigo ɗakin sai ya tsaya a bayana, ya sa yatsa a kan allon, ya bar mini tabon maiƙo in goge. Ba wanda ya tambaye ni komai, ni ce dai mai jan linzamin kwamfuta. Malam ma ransa ba ya so, na ga yadda yake murza goshi, amma ba ya iya ce wa Hajiya a'a.

Sunaye suka cinye gefen hagu, Goggo ta rasa wurin tsayawa. Malam ya ce a matsar da ita dama. Na matsar. Yanzu ta juya wa rubutun baya, tana miƙa kwanonta wajen shafi, kamar tana ba wani da ke bayan bango.

“Wannan ai mai sauƙi ne,” in ji Malam. Ya karɓi linzamin, ya danna wuri ɗaya, hoton ya juye kamar a madubi. “Kin gani? Ta dawo tana kallon ciki.”

Ta dawo, gaskiya ne. Amma ƙullin kallabinta ya koma ɗaya ɓangaren, tabon ƙunar mai da ke wuyan hannunta na dama ya tsallaka, kuma Goggo Rabi tana miƙa wa mutum abinci da hannun hagu. Hannun da kowa ya san aikinsa. A jikin fastar da ke maganar amai da gudawa.

“Malam, hannun,” na ce.

“Ya fito sosai, ko?”

“Ya koma hagu, Malam.”

Ya matso da fuska ya duba, ya ɗan yi dariya. “Hoto ne, Kulu. Kowa yana yin haka. Wa zai tsaya lissafin hannu a tasha?”

Na so in ce masa a tasha ba abin da ake yi sai irin wannan lissafin. Mutanen da ke jiran mota ta cika ba su da aikin da ya wuce kallo. Akwai wani mai shayi a can, tun kafin a haife ni ƙadangare ya faɗa masa tukunya sau ɗaya. Har Makka ya je ya dawo, sunansa Alhaji Ƙadangare, 'ya'yansa ma da shi ake kwatanta su. Ina iya jin muryar 'yan dako tun kafin su faɗa: Rabi Bahaguwa. Za su faɗa da dariya, daga baya wani baƙo ya ji bai san wasa ba ne, ya wuce rumfar gaba. Goggo ba ta da gona, ba ta da miji, ɗanta yana makarantar kwana. Sunanta na tsabta shi ke cika mata benci, kuma ni na je na roƙe ta hoton. Duk wannan yana bakina. Abin da ya fito shi ne, “Malam, za su gani.” Lokacin har ya juya yana amsa waya.

Washegari na sake gwadawa. Na ce ko a mayar da ita hagu, sunayen su sauka ƙasa. Ya ce in je in faɗa wa Hajiya da kaina, kuma ya san ba zan iya ba. A gida na jira Baba ya gama cin tuwo na durƙusa na faɗa masa.

“Malamin naki bai gani ba?”

“Ya gani, Baba.”

“Mi ya ce?”

“Ya ce ba komi.”

“To ba komi ke nan. Ke kin hi shi sanin kwamfuta?”

Inna daga madafi ta ce ni dai kullum sai na gano abin da ba a aike ni ba. Goggo kuwa ban faɗa mata ba. Na san halinta, da ta ji sai ta yafa gyale ta nufi ofishin Hajiya, a ji muryarta har bakin titi, daga nan kuma ba fasta ba makaranta. Mutum uku na faɗa wa, dukkansu sun ji ni, ba wanda ya saurara.

Ranar Alhamis ce za a aika da aikin Katsina a buga. Da safe aka yi wa Malam waya cewa kawunsa ya rasu a Gangara. Ya same ni a bakin aji yana sa hula, ya miƙo mini filashi, ɗan abin da ake ɗaukar aikin kwamfuta a ciki, ya ce lokacin hutun ƙarfe tara in kwafe fastar a ciki in kai wa Ɗanjuma direba kafin azahar, shi zai miƙa wa masu bugawa. Ya hau babur ya tafi.

Na buɗe ɗakin ni kaɗai. Hadari ya haɗo, kuma kwamfutocinmu da hasken rana suke aiki, idan gari ya lumshe batirin ba ya jimawa. Na buɗe fastar na zauna ina kallon Goggo da hannunta na hagu. Ba zan ce muku ban san abin da zai biyo baya ba. Na sani. Na tuna Katsina, har na riga na wanke farar hijabina na ajiye a ƙasan akwati. Na kuma tuna cewa idan na kwafe ta haka, ni ce zan wanke kwanuka ranar Asabar a ƙarƙashinta. Sai na juya hoton ya koma yadda Allah ya yi Goggo. Juyawa kaɗai ba ta isa ba, don ta sake ba rubutun baya, dole na ɗauke ta na mayar hagu. Da ta koma hagu sunaye suka rasa wuri. Na tattara su, tambari da sunan makaranta da na Hajiya da na shugaban direbobi, na jera a layi ɗaya a ƙasa, girmansu ɗaya, na auna da layin awo don kada wani ya ce an fifita wani. Layin Faransanci na bar shi ƙarƙashin na Hausa, don wannan yana da amfani. Farin fili ya dawo da kansa. Na'urar batir ta fara ƙara, ina sauri har na kwafe fastar a wurin da ba shi ba, na sake. Na kai wa Ɗanjuma ana yayyafi.

“'Yar makaranta, mi ke ciki?” ya tambaya yana jefa filashin a aljihu.

“Goggo ce.”

“Rabi a cikin ɗan abin nan? Allah shi sa ta bar mu mu yi tahiya lahiya.”

Mako na gaba fastocin suka iso a naɗe. A ofishin Hajiya aka kwance su, aka aiko a kira ni. Na tsaya a bakin ƙofa. Hajiya ta sa tabarau tana bin takardar da yatsa daga sama, sai da ta kai can ƙasa ta sami kanta.

“Wa ya ba ki izini?”

“Ba kowa, Hajiya.”

“To me ya sa?”

“Hannun ne ya koma hagu.”

“Wane hannu? Ga shi nan dama.”

“Na gyara ne, Hajiya.”

“Ina tambayarki sunan makaranta kina ba ni labarin hannu.”

Abin haushin ke nan. Da na gyara, laifin ya ɓace, ba abin da zan nuna, sai nawa laifin ya rage a fili. Malam ya yi ƙoƙari, ya ce shi ya juya hoton tun farko kuma yarinyar ta yi masa magana. Hajiya ta ce wannan tsakaninsu ne, abin da ta sani shi ne an amince da abu an aika da wani. Sake bugawa ba zai yiwu ba, don haka za a yi amfani da su a haka, amma Kulu ba za ta wakilci makaranta ba, kuma ta ajiye mabuɗin ɗakin kwamfuta. A waje Malam ya tsaya bai dube ni ba, ya ce, “Tsarin ya fi kyau, ba zan ɓoye miki ba. Amma na ba ki amana ne ki kwafe.” Wannan ma gaskiya ce, kuma ita ta fi yi mini ciwo.

Wata 'yar ajinmu mai baki aka tura Katsina. Ni aka sa na zaunar da ita na koya mata abin da za ta ce, dalilin barin fili, dalilin girman haruffa. Ta dawo tana ba da labarin shinkafar da aka ba su da yadda wani babba ya yaba da layin sunayen da ke ƙasa, wai an nuna ladabi. Baba kuma ya sa ni gaba har gidan Malam in ba da haƙuri, na durƙusa na bayar. Tun daga ranar na zama misali.

Ranar Asabar na je tasha. An liƙa fastar a bangon da ke fuskantar rumfar Goggo, shugaban direbobi ya yi ƙorafinsa ya gaji ya bari. Goggo tana tsaye a gabanta, ludayi a hannu. Baba ya riga ya kai mata ƙarata, har da zancen hannun, a matsayin shirmen da ya jawo mini.

“Ke, zo nan. Wai da hagu za a hiddo ni?”

“Eh, Goggo.”

“A bangon ga?”

“Eh.”

Ta dubi hoton, ta dubi 'yan dakon da ke zaune a kan buhuna suna kallonmu. Na ɗauka yau dai wani zai ce na kyauta.

“Shi ne ba ki gaya mini ba? Kuma ki tahi ki yi wa malaminki na lakwal gardama, kamar ba a yi miki tarbiyya ba. Sannan dubi yadda kika sa ni na yi fari kamar mai jinya. Kwanon ma ba nama. Mutane su ce haka nake zuba musu.”

“Goggo, fastar wanke hannu ce.”

“Wuce ki ɗauko ruwa.”

Na ɗauki bokiti, idona ya cika, ina ce wa kaina ba zan ƙara taɓa hoton kowa ba har abada. Ina dawowa motar Maraɗi ta tsaya, wani direba mai ƙiba ya sauko yana miƙa, ya je ya jingina da bangon daidai kan fastar yana sosa baya. Goggo tana tsakiyar zuba wa wani wake. Ta ajiye ludayin.

“Malam, matsa can,” ta ce. “Ka kare ni.”